Gwaiwata da Alhajin da ya so riƙe min rumbu

Jama'a, na daɗe ina ɓoye labarin nan, don ciwon da na yi ba wanda namiji ke son faɗa ba ne. Gwaiwa ce. Yanzu na tsufa, kunya ta gaji da ni.

Ina noman albasa da gero a Lambara, zamanin farar hula na biyu, lokacin da kuɗin mai ya karye aka shiga tsuke bakin aljihu. Da fari ɗan kumburi ne a matsematsi. In na kwanta ya koma, in na ɗaga buhu ya dawo. Na yi ta ɗaure shi da tsumma ina shan saiwoyi.

Ranar kasuwar Bodinga ya fito ya ƙi komawa. Sai amai, ciki ya ɗaure tamau. A bayan motar albasa aka kai ni babban asibiti a Sakkwato.

Likita ya taɓa, ya ce hanji ne ya maƙale, sai an yi aiki. Amma babu ruwan ƙari, babu auduga, ko zaren ɗinki sai mun sayo. Na tambaye shi ina kayan gwamnati. Ya ce an zabtare kuɗin asibiti, wai masu bin ƙasar bashi daga waje ne ke duba lissafinmu, su ce nan a rage, can a rage.

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Mutumin da bai san hanyar Lambara ba ne zai yanke ko za a ɗinke ni?

Washegari matata Hajara ta zo da wani Alhaji, dillalin da ke sayen albasarmu. Ya ce zai biya komai. Sharaɗinsa, albasar da na adana a rudu, wato ma'ajiyar albasa, shi zai faɗi ranar sayarwa, rumbun gero kuma yaronsa zai riƙa auna mana kullum har in gama biya. Ya ƙara da cewa bakuna sun yi yawa a gidana, a mayar da Gwaggo, ƙanwar mahaifina makauniya, wajen wasu dangi.

A wajenmu maigida kaɗai ke buɗe rumbu. Ko matarsa ba ta leƙawa.

Ina kwance ina nishi na ce masa, "Ranka shi daɗe, bashi ni ka so, ba uba ba. Gwaggo tana nan inda take."

Ya ce taurin kai zai kashe ni, ya kaɗa riga ya fita.

Hajara ta yi kuka, ta ce in tuna da ɗiyanmu. Na ce ta koma gida ta sa a kwashe albasar duka a kai Bodinga, ko nawa aka taya a sallama. Manomi ya san abin da wannan ke nufi: lokacin albasa ta cika kasuwa, kusan kyauta muka bayar.

Kafin kuɗin su iso, ciwon ya ci gaba da aikinsa. Da aka buɗe ni, wani yanki na hanjin ya riga ya mutu, sai yanke shi aka yi. Na daɗe a gado, ƙwaurina ya koma kamar karan dawa. Shekarar nan mun sha kunu ba gardi, mu da Gwaggo.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan nan da ya yi aiki da ɗan abin da ya samu, da Hajara da ta bi maganata alhali tana ganin wauta ce.

Shawarata: in ka ji kumburi a matsematsi, ka tafi asibiti tun yana komawa da kansa. Kada ka yi irin tsummana. In bashi ya zama dole, a gida ko a ƙasa, ka tambaya tun farko bakin wa za a cire daga tukunya.

Har yau ba na iya cin tuwo da yawa. Amma ɗan da nake ci, ni na auna shi.