Ranar da Honor Lavelle Ta Ɗaure wa Mijinta Haɓa

Shekara talatin da ɗoriya, a ƙauyenmu ba a cewa mutum ya mutu sai Honor Lavelle ta faɗa. Likita yana garin Belmullet, mil goma sha huɗu, hanyar kuma rabin shekara taɓo ce. Sai a kira Honor. Ta taɓa wuya, ta riƙe hannu, ta kara kunne a ƙirji, ta ce a tsayar da agogo, kamar yadda muke yi in an yi mutuwa. Ita ke wanka, ita ke ɗaure haɓa da sa likkafani, likita ya sa hannu a takarda daga baya. Doguwa ce marar yawan magana, tun ina yarinya nake shakkarta.

Mijinta Festy kuwa ɗan guntun masunci ne, ga surutu, ga ciwon zuciya da ya taɓa kayar da shi cikin kwale-kwale.

Lokacin azumi Fada, limamin cocinmu, yakan hana rawa, sai mu koma wasan kwaikwayo a zauren coci. Wata shekara, Malam Padden na makaranta ya rubuta mana wasa: 'ya'ya uku suna kokawa kan gonar dankali da jaki guda, gawar ubansu na kwance a tsakiya. Irin abin da ke ba mu dariya ke nan a wannan lungu na ƙasar Ailan, Allah ya shirye mu. Festy ba ya iya haddace ko layi ɗaya, sai aka ba shi gawa. Malam kuma, da yake ilimi ya yi masa yawa har ya ture hankali, ya ce Honor ce za ta shirya gawar a gaban jama'a, don abin ya yi kama da gaske.

Ta ƙi. Ni ce mai tuna wa 'yan wasa layinsu, ni ta ja gefe ta gaya wa dalili.

"Ba a yi wa mai rai wannan aikin, Bríd. Mutuwa ba ta san wasa ba. Tana gani za ta ɗauka kiranta aka yi."

Festy ya ce ai ba komai, bazawarar gidan Deane ta ce ita za ta shafa shi a gaban kowa. Washegari Honor ta zo gwaji.

Ranar Lahadi da rana zaure ya cika maƙil. Festy ya kwana biyu yana fargabar taro, ya kora da giyar gida kafin ya hau tebur. Honor ta ɗaure masa haɓa, ta haɗe hannayensa, ta lulluɓe shi da mayafi, aka fara. Jama'a na ta ƙyaƙyatawa. Ina bayan labule da takarda, amma ita nake kallo, don idonta ya kafe a kan mayafin. Na duba ni ma. Mayafin ba ya motsi.

Ta matsa kusa da shi, alhali hakan ba ya cikin wasan. Ta taɓa wuya, ta riƙe hannu, ta kara kunne a ƙirji. Na san fuskar da ta ɗago da ita, duk ƙauyen mun san ta. Takardar ta faɗi daga hannuna.

"A tsayar da agogo," in ji ta.

Zaure ya ɓarke da dariya. Ta buɗe baki ta rera kukan mutuwa irin na tsofaffi, wanda rabon da a ji shi tun kafin yaƙin duniya, tana kiran sunansa na gaskiya. Mutane har da riƙe ciki. Fada yana share hawayen dariya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma na kasa ko ɗaga hannu in ja labule.

Da tafi ya yi ƙarfi, sai Festy ya yi atishawa ya tashi zaune. Ya kwance ƙyallen haɓarsa yana hamma.

"Tsohuwa, kin kusa fasa min kunne. Na yi kyau kuwa?"

Honor ta juya ta nufi ƙofa. Muka bar shi ana ta dukan kafaɗarsa, na raka ta gida. Na zaci murna ce ta ɗaure mata baki. Da muka zo katangar maƙabarta ta tsaya.

"Bríd, ko Littafi Mai Tsarki aka ba ni, da na rantse ya mutu. Hannuna bai taɓa gaya min abu ƙarara kamar yau ba." Ta nuna cikin katangar da haɓa. "Mutum ɗari biyu da sha ɗaya ke kwance a nan da bakina. Har da mahaifiyarki."

Daga ranar ba ta ƙara taɓa gawa ba. In an aiko, sai ta ce a je a ɗauko likita ko da hanya ta ci doki. Festy ya ƙara shekara tara yana ba da labarin wasan a mashaya, ita kuma ta daina bin hanyar maƙabarta, gara ta zaga ta bakin teku zuwa coci.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙe ni: kada in bari a rufe akwatinta sai ta kwana huɗu. Fada ya yi faɗa, dangi suka ce na zautu. Ban saurare su ba. Kwana huɗu ina zaune kusa da ita ina kallon mayafin, kuma har suka buga ƙusa ta ƙarshe zuciyata ba ta kwanta ba.