Saƙon Maigidana Zuwa Ƙauyensu

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da babban ɗana, bayan na fita takaba. Titin da muka bi har bakin gari maigidana ne ya fitar da shi, lokacin da tsarin birni ke hannunsa. Shi ya yanka unguwanni, ya ja famfo, ya kawo motocin kwasar shara. Amma kafin ya cika ya bar mini saƙo: in je ƙauyensu in nema masa yafiya, domin ya shimfiɗa wa birni kwalta, su kuwa ko taku ɗaya bai yi musu ba. Tsorona kada su ƙi.

A Ɗambatta muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Da muka sauka daga kwalta na gane abin da ya dame shi. Wannan rami ya miƙa mu ga wancan, har ɗankwalina ya zame. Sai dai dawa ta fi mutum tsayi, wake na yaɗo a gindinta, an riga an girbe gero.

Ƙanen maigidana, manomi, ya tarbe mu a zaure tare da dattawa. Bayan gaisuwa da addu'a na isar da saƙon.

Ƙanen ya yi dariya. "Matar Yaya, kin ƙona mai a banza. Taso."

Ya kai mu gona, ya damƙo ƙasa baƙa wuluk, ya buɗe mini tafinsa. "Da jakuna iyayenmu ke ɗauko takin birni, su kwana a hanya. Da Yaya ya samu motocin shara, ya ce a riƙa juye mana kowane rani. Wasu an ba su kwalta, mu aka ba mu bola."

Wani tsoho ya ce, "Hajiya, kin taɓa ganin an tuƙa tuwo da kwalta? Mun yafe masa duniya da lahira. Amma ki gaya wa masu riƙe da kujerarsa yanzu, ramukan nan ba gadonmu ba ne."

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwarsa.

Muka sha fura mai sanyi, muka kamo hanya da la'asar da damin gero a bayan mota. Ashe mutum kan manta alherin da ya yi, ya tafi da nauyin wanda bai yi ba. Da safe na dama kunu da geron nan, na raba wa maƙwabta sadaka a madadinsa. Allah Ya jiƙansa.