Ranar da Baffa Ya Kira Sunana

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakannina daga gabas suka taso da garke, suka yada zango a gefen Zandam, har Hausa ta cinye bakinmu. Ni Fillancin da na tashi da shi bai wuce na gaisuwa da zagi ba. Shekarar da ciwo ya shiga shanu, namu suka ƙare ƙaf, mahaifina, da muke kira Baffa, ya koma riƙon fartanya da hannun da bai san komai ba sai sanda.

Abu guda ne bai bari ba. Kullum da la'asar sai ya tsaya inda ake ɗaure shanun a da, turaku na nan a kafe ba igiya, ya saɓa sanda a wuya, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da wata murya mai ja da ya gada wurin ubansa. Ya kira fara mai karyayyen ƙaho, ya ɗan saurara kamar tana tafe, sannan ya kira ta gaba.

Wannan kira yana ci mini rai. Ni ne ɗan fari, a al'adarmu kuwa uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, kunyarsa yake ji. Sai dai ya ce “kai” ko “wancan”. Na san matsayi ne, amma ga ni har gemu ya fara fito mini ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, matattun shanu kuwa kullum ana kiransu.

Da kaka ta yi aka sa ranar kalankuwa, wasan da samari ke yi bayan an kai amfani gida, a naɗa sarkin wasa, a kwaikwayi alƙali da mai unguwa da duk wanda aka ga dama. Samarin gari ba sa sa ni a komai. In na doso sai a ce ga Bafillacen da ba saniya. Na sami sarkin wasa na ce ina da abin da zai kwantar da mutane da dariya.

Ranar an cika maƙil, har daga Gwaram an zo. Na saci malafar Baffa da sandarsa, na kafa karare a tsakar fili a matsayin turaku. Na ja murya yadda yake ja, na kira farar saniya, na kasa kunne. Daga nan na ƙara nawa: na durƙusa na tatsi iska, na kurɓa, na lashe baki, na fashe da kukan ƙarya. Fili ya rikice. Tsofaffi suna share hawaye, 'yan mata suna dukan juna.

Can na hango Baffa a gindin tsamiya, kansa ba malafa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na gan shi sarai, sai na ƙara ɗaga murya na maimaita. Daɗi nake ji.

Da na gama ya ratso taron. Ya tsaya a gabana, ya kira sunana, da ƙarfi, kowa na ji.

“Ka iya,” in ji shi. “Riƙe sandar, ta wasa ce yanzu.”

Ni wawa, murna na yi. Na koma gida ina taƙama, na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

“Inna, yau Baffa ya kira ni da sunana.”

“Na ji,” ta ce. “Ya daina jin kunyarka ke nan. Ko shi ma sai an fassara maka?”

Washegari Baffa ya tumɓuke turakun ya ba ta ta yi girki da su. Bai sake kiran saniya ba. Ni kuwa na zama ɗan gari, duk kaka sai an nemi in yi wasan Bafillace, kuma ina yi.

Ya yi shekaru bayan nan, bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni tuwo ba. Kullum yana kiran sunana, sakin baki, yadda ake kiran ɗan maƙwabci a aike shi. Ƙanena kuwa, tun daga ranar Baffa bai sake faɗin sunansa ba. Shi ya zama “wancan”.