Gaisuwar da Ta Cinye Faifai

Ni na jawo wannan magana, gara in faɗa tun da wuri. Lokacin Turawa na nan, ban daɗe da gama makarantar 'yan mata ba, ina zaune a gidanmu a Ƙofar Rini, zaman ya ishe ni. Baba atamfa yake sayarwa a kantinsa na Sabon Gari, daga baya wani kamfanin faifan garmaho na Ikko ya naɗa shi wakilinsa a Sakkwato. Baba ba ya jin Turanci, saboda haka duk wasiƙar kamfani ni ke karantawa, ni ke amsawa. Akwatin sababbin faifai ma sai ya biyo ta ɗakina kafin ya tafi kanti. In murɗa hannun garmaho, in saurare su ɗai-ɗai, in ware. Wannan a sa shi a bakin kanti ya kira mutane. Wannan a ajiye wa direbobin lori, su ke son na Kumasi mai jita da ƙaho. Na Masar a kai wa masu biki. Wannan kuma ko maƙiyinka kada ka ba shi.

Na Hausa sukan zo jefi-jefi, duk maza, duk daga gabas. Abin ya riƙa ci mini rai, domin na san wadda ta fi su. Wata tsohuwa ce a Ƙofar Kware mai kiɗan ƙwarya a bikin mata. Ba mu haɗa jini ba, amma kowa Gwaggo yake ce mata, ni ma haka. Idan ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta ɗauki 'yan sandunanta, 'yan amshinta uku suka karɓa, za ka ga matar da ta zo tana kukan ciwon gwiwa ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. Na sha ganin tuwo ya ƙone a gidan biki saboda ita.

Wasiƙa uku na rubuta wa kamfani a kanta. A ta ukun na ce musu in kunnuwansu a Kano suka tsaya, su faɗa mana mu sani. Baba bai san abin da ya sa wa hannu ba. Sai ga amsa: injiniyansu zai biyo da injin ɗaukar murya, yini ɗaya zai yi, kashegari lori ta wuce da shi. Ɗanyen faifai huɗu aka ware mana, kowane ɗauka ɗaya yake ci, minti uku da 'yan kai. Waƙa biyu suke so, ɗaya a gaban faifai ɗaya a baya.

Gwaggo ba ta yi wuyar shawo kai ba. Na ce mata jikokinta za su ji muryarta bayan ranta. Ta ce, “To, ke da ba ki zama wuri guda, yau kin zo da magana mai zama.”

Injiniyan Bayarabe ne, mai haƙuri, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Tun da namiji ba ya shiga cikin gida, a zaure ya kafa injinsa da baturan mota, aka ja waya har ɗakin Inna, mahaifiyata, inda muka rataye barguna a bango. Abin da ke ɗaukar muryar yana gaban Gwaggo. Ba ya ganinmu, ba ma ganinsa, sai muka kwance igiyar guga: baki ɗaya a wuyan hannuna, ɗaya a nasa. In na ja, ya saukar da allura ya fara ɗauka. In ya ja, faifai ya cika.

Bayan Azahar muka fara. Gwaggo ta gyara zama, ta buga ƙwarya, na ja igiya.

Ta fara da sunan Allah. Ta yi salati. Ta gai da bayin Allah da ke kwance a garin nan. Sannan ta kira matar da ta koya mata kiɗa, da unguwarsu, da yadda take tauna goro a gefe ɗaya. Daga ita ta wuce ga wadda ta koya wa waccan. Ina tsaye ina canza ƙafa, ina jiran waƙar da na yi wa kamfani alkawari. Tana kan mace ta uku igiya ta fizge hannuna.

“Gwaggo, tsaya. Ya cika.”

“Mi ya cika?”

“Faifan. Ba ki ma fara ba!”

“Ina gaisuwa, kina hwaɗin ban hwara ba?”

A nan na gane wautata. Shekara da shekaru ina zuwa bikin da take kiɗa, ban taɓa jin farkon kiɗanta ba. Kullum sai wuri ya ɗau zafi nake isa, don ba na iya zaman jiran a shimfiɗa tabarmi. Ashe mata bakwai take gaisarwa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta nemi izinin matan gida, kafin ta taɓa waƙa.

Na durƙusa na yi mata bayani da yatsu. Minti uku. Na ce ta yi Bisimilla ta faɗa waƙa, sauran ta gaishe su a zuci.

“A zuci?” Ta dubi 'yan amshinta. “Kun ji Malama. Haka anka koya muku gai da Baturiya, a zuci?”

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, “Ai su da ƙahwa ɗaya suka gaisuwa, awa zalɓe.”

Muka sa na biyu. Na ɗauka ta ji. Ta koma tun daga sunan Allah, ba ta rage ko wasali ba. Da ta kai mace ta biyu na kasa daurewa, na ce da ƙarfi, “Gwaggo, don Allah waƙar!” Kiɗa ya tsaya cak. Daga zaure injiniya ya aiko Baba ya faɗa mini cewa muryata ta fito tangaran, ko ni za a ɗauka? Faifai biyu sun tafi.

Inna ta kawo fura, kowa ya sha ban da ni. Na fita tsakar gida na zaga rijiya, na dawo, na sake fita. Gobe lori za ta tafi, kuma na san kamfanin da na zaga a wasiƙa ba zai sake aiko kowa ba. Sai na dubi igiyar da ke hannuna. Gwaggo ba ta san aikin igiyar ba. A ganinta inji na ji tun daga bugun farko.

Na ce, “Gwaggo, yi yadda kika saba. Ba zan ƙara magana ba.”

Ta yi gaisuwarta a tsanake, ni kuwa hannuna na kan cinya, ban motsa ba. Ta gama da mace ta bakwai, ta nemi izinin Inna, Inna ta rangaɗa guɗa, kiɗa ya juya. A nan na ja igiya. Waƙar masu daka ta yi, wadda ake zolayar matar da taɓaryarta ta fi ta ƙiba. Ban taɓa jin ta yi ta kamar ranar ba. Ta sauke ta daidai lokacin da igiya ta motsa, kamar da ma tare suka shirya da injiniya.

Injiniya ya ce zai sa mana mu ji sau ɗaya. Muka taru a bayan asabarin ƙofar zaure. Ƙwarya ta tashi daga cikin akwati, muryar Gwaggo ta biyo. 'Yan amshi suka riƙe baki, ɗaya na cewa, “Aradu ni ce wagga!” Gwaggo ta saurara har aka gama. Sannan ta juyo.

“Ɗiyata, ina mutanena?”

Na ce faifai bai da wuri.

“Ba shi na tambaya ba. Shi ƙarhe ne. Ke na tambaya.”

Na faɗa mata abin da na yi, ban ɓoye ba, har da igiyar. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Cewa ta yi a fasa faifan a gabanta, domin waƙar ba tata ba ce, aro aka ba ta, kuma ba za ta bar ta ta shiga duniya ba tare da sunan masu ita ba. Baba daga zaure ya yi ta ba ta haƙuri. Ni kuwa na ce saura ɗanyen faifai ɗaya. In ta iya shigar da gaisuwar duka a cikinsa, sai a sa ta a gaba, waƙar a baya, duk wanda ya saya ya same su tare.

“Kin yi alkawari?”

“Na yi.”

“Na boko ko na gida?”

“Na gida, Gwaggo.”

Ta ce a cire mini igiyar a ɗaura wa Inna. Aka ɗaura, Inna ta ja. Gwaggo ta ɗaga kiɗan ya yi sauri, ta bi matan nan bakwai a guje, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har mai tauna goron. Ta ajiye sanduna tana haki, igiya ba ta ko motsa ba tukuna. Ta kalle ni ta ce, “Ashe ana iya sauri ba a yi sata ba.”

Sai da damina ta wuce amsar kamfani ta zo. Sun yaba waƙar masu daka ƙwarai. Faifan gaisuwar kuwa, in ji su, jerin sunaye ne, ba mai saye. Za su haɗa waƙar da ta wani mai kukuma a baya, in mun yarda mu sa hannu.

Na karanta wa Baba. Ya ce, “Ke kika yi alkawari, ba ni ba.” Kwana biyu takardar na ƙarƙashin matashina. Sa hannu ɗaya, muryarta ta kai Kumasi, kuma wa zai kai mata labari? A rana ta uku na yafa mayafi na taka har Ƙofar Kware. Na same ta tana wanke ƙore. Ta saurara, ba ta daina wankin ba.

“Ki ce musu wadda ta shiga gidan mutane ba sallama, ko da alheri taz zo, ɓarauniya ce.”

Haka na rubuta, kalma da kalma, na ƙara da cewa ko duka biyu ko babu. Ba su amsa ba. Na sake rubutawa sau biyu ina neman a dawo mana da faifan. Akwatunan sababbin faifai suka ci gaba da zuwa, ina warewa kamar da, amma namu bai taɓa fitowa ba.

Gwaggo ko a jikinta. Ta ci gaba da bukukuwanta har ƙarfinta ya ƙare. Ni ce abin bai saki ba. Na fara zuwa biki da wuri, in tsaya a bakin ƙofa ina canza ƙafa har ta gama gaisuwa, amma ban taɓa ɗaukar fensir na rubuta ba, ni mai rubuta wa Ikko wasiƙa. Yanzu ita da 'yan amshinta duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina iya kawo shida daga cikin matan nan bakwai, da unguwanninsu. Ta huɗun ta ɓace mini. Nakan fara daga mai tauna goro in bi su a hankali, ko za ta faɗo, in kai wurin in tsaya, in sake komawa farko.