Albasar da muka yi wa fatiha

Shekarar da wani babban kamfanin kantuna na Yamai ya zo neman albasa a wajenmu, ni na yi tafinta. Babu wanda ya naɗa ni. A ƙauyenmu, can gefen Azarori, duk takardar da ta zo da Faransanci gidana ake fara kawo ta, saboda na zauna Abijan da Kumasi, na yi Agadas da Tamanrasat, na dawo gida da harsuna a baki da ciwon gwiwa.

Kamfanin yana da irin kantunan nan da mutum yake shiga ya ɗebi kaya da hannunsa, sai a bakin ƙofa ya biya. Na ga irinsu a Abijan, na ba mutanenmu labari har suka gaji da ji. Kamfanin ya buɗe mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Madawa bakin titi, ya turo mana wakili, wani siririn mutum ɗan Buza mai tabarau da ladabi. Maganarsa ita ce kada mu zubar da albasa lokacin cira, sa'ad da kasuwa take cike. Mu zuba ta a rudu, ɗakin karan da muke ajiya, motocin kamfani za su zo su kwashe da farashi mai kyau kafin ruwa ya sauka. Ƙanena ya fi kowa albasa a cikin waɗanda suka yarda. Noman ranin shekarar gaba ɗaya ya sa a ciki, cimakar gidansa da irin damina duk a kanta suke.

A gindin itacen bedin ƙofar masallaci na karanta takardar, ina juya ta Hausa layi-layi. Can ƙarshe akwai wasu ƙananan haruffa da suka ce idan kamfani ya shiga shari'a ko aka riƙe dukiyarsa, kowa ya kama gabansa, babu wanda ya ɗaure wani. Idona ya gani. Amma liman ya riga ya ɗaga hannu, mutane sun gyara zama, na ji nauyin ambaton karyewar ciniki a ranar da ake ƙulla shi. Na naɗe takarda. Aka yi fatiha, wakili ya shafa tare da mu.

Motoci ba su zo ba. A rediyo muka ji kamfanin yana gaban alƙali, banki na binsa, masu gidajen da yake haya su ma sun kai ƙara. Na hau kabu-kabu na je Madawa, na tarar da ƙofar mangaza an manna mata takarda mai jan hatimi. Salular wakili a kashe.

A lokacin masu saye na Gana suna tasha da manyan motocinsu. Na ɗauko takardar na je wajen ƙanena, na karanta masa ƙananan haruffan nan. Ya saurara yana gyaran igiyar jaki.

"Yaya, ranad da munka yi fatiha ka karanta muna wanga?"

"Ban karanta ba."

"To ba ya cikin abin da munka shahwa. Mutumen da munka yi alkawali da shi, shi zo shi ce ya sake mu, in saida gobe."

Na ce masa kamfani ba mutum ba ne, ba shi da ƙafar zuwa. Ya ce shi da mai tabarau ya ga an zauna, kuma yana da ƙafa biyu. Sauran manoman suka ce abin da ya faɗa shi ne.

Na rasa wurin zama. A Kumasi da tuni an sayar, a je a yi rigimar daga baya. Buzayen da na yi ciniki da su a Agadas suna riƙe magana kamar mutanenmu, amma su suna da wanda za su kama wa riga idan ya saɓa. Mu mun ba wa abin da ba shi da fuska alkawari, kuma ni na kawo shi. Kullum da safe sai in zagaya bayan rudun ƙanena in shaƙi iska, in ɗaga kai in dubi gabas. Gajimare ya fara taruwa da la'asar. Matata ta ce na zama kamar akuyar da aka ɗaure kusa da wuta. Ranar da na ji wari kaɗan, irin na albasar da ta fara gumi, ban koma gida ba, na miƙe tasha.

A Madawa mai gadin mangaza ya ce wakili ya koma Buza. A Buza wata tsohuwa a gidansu ta ce yana Keita wajen surukinsa. Hanyar duwatsu ce, motar ta tsaya sau uku, gwiwata ta kumbura. Na same shi a kasuwar Keita yana awon dusa da tiya, tabarau a aljihu. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Baba, in kuɗi ne, wallahi ni ma an sallame ni. Ko hular kamfani ba su bar mini ba."

"Ɗana, ba hula na biyo ba. Bakinka nake so."

Na yi masa bayani. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya ce shi ba shi da ikon sakin kowa, maganar tana hannun alƙali. Na ce alƙali bai shafa fatiha da mu ba. Surukinsa, wani ƙaton mutum da ke sauraro daga kan buhu, ya ce, "Kai, tashi ka bi dattijo. Dusa ba ta ruɓewa."

Washegari da hantsi muka zauna a gindin bedin nan. Wakili ya miƙe ya ce ya saki kowa, duniya da lahira, kowa ya sayar wa wanda ya ga dama. Sannan ya ƙara abin da na yi fargaba tun a mota. Ya ce ai takarda ta sake su tun ranar da aka rufe mangaza, ko ni ban karanta musu ba? Duk aka juyo gare ni. Na ce na gani ranar farko, na tsallake. Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha ta biyu.

Ƙanena ya dubi wakili ya ce, "Sa tabaranka mana, in tabbata kai na. Kar mu kwance da wani daban." Aka yi dariya, ni ban iya ba.

Muka buɗe rudu. Albasar sama lafiya lau. Da hannu ya yi ƙasa sai ya shiga cikin laushi, ruwa baƙi yana ɗiga. Yini biyu muna tsinta, mata da maza, muna jefar da ruɓaɓɓiya bayan shinge har awaki suka ƙi kusantar wurin. Kusan rabi ta tafi. Mutanen Gana sun riga sun cika motocinsu sun wuce, sai wani dillali na Madawa ya ɗauki sauran yadda ya so. Ruwan farko ya sauka kwana uku bayan haka. Ƙanena ya sayar da bijiminsa kafin ya kai kaka.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Shari'ar kamfanin ban san inda ta ƙare ba, mangazar yanzu wani yana ajiye siminti a ciki. Har yau ni ake kawo wa takardu. Sai dai duk lokacin da na buɗe wata a gindin bedi, ƙanena yakan ɗora hannu a gwiwar liman, ya ce, "Malam, dakata tukuna. Yaya, kai har ƙasa, da ƙananan."