Ƙwayoyin da Na Ba Yaya

Ɗiyata ta fari ta dawo gida wankan jego ne ciwon ya same ta. Ta daina barci, ta daina ba jaririn nono, tana cewa akwai masu magana cikin rumbu suna kiranta ta fito. Sau biyu ana kamo ta bayan gari ko mayafi babu. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Daga baya mahaifinta ya sa maƙeri ya ƙera mari, aka sa mata a ƙafa cikin ɗakin da muke ajiye dawa. Wata bakwai tana ciki. Ni ke kai mata tuwo, ni ke wanke ta, ni ke jawo ƙofar in zan fita.

Ƙanena direba ne, shi ya matsa muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa can wajen Sakkwato. Likitan bai yi mana faɗa ba da ya ga ƙafarta. Ya juya katinta ya yi zane a baya, wasu abubuwa kamar saiwar gero. Ya ce kan mutum cike yake da ƙananan jijiyoyi masu miƙa wa juna saƙo, kuma da wani sinadari suke miƙawa. In ya yi yawa a wani wuri, sai mutum ya ji magana alhali ba wanda ya yi ta. Ya ce ba ƙarya take ba, tana ji da gaske. Ƙwayar da zai ba ta tana rage ƙarfin saƙon ne, ba kamar maganin zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a daina. Ya ce ciwon ƙwaƙwalwa iri-iri ne, kowane da nasa magani, kada a ba wani nata. Na yi yaƙi da jahilci shekara uku, don haka da hannuna na rubuta a ƙasan zanen: ɗaya kullum, kada a tsallake.

Cikin mako biyar ta karɓi ɗanta ta goya. Aka cire marin. Ta koma tana mani surfe, har tana yi mani tsiya wai miyata ba gishiri.

Labari ya kai Gangara, inda yayar maigidana take aure. Ta zo ranar kasuwa da ƙwaryar nono da ɗan man shanu. Ɗanta babba tun da mutanen daji suka sako shi ba ya runtsawa, in ya ji ƙarar babur sai ya faɗa ƙarƙashin gado, magidanci da 'ya'ya huɗu.

Ta ce, "Amarya, an ce kun samo maganin kai mai kyau. Ki ɗan sam mani."

Shekara ashirin da wani abu ina gidan, har yau amarya take ce mani.

Na ce, "Yaya, likita ya ce kowa da nasa."

Ta yi dariya. "Likita ɗan wa ne a garin nan? Kai dai kai ne. Nata da nashi ba jini ɗaya ba ne?"

A wurinmu ba a hana magani. Wanda ya sha ya ji daɗi, in aka roƙe shi ya bayar, ko sassaƙe ne ko ƙwaya, in ya hana har jikokinsa sai sun ji gorin. Ga maigida zaune a kan tabarma yana jinmu, ga man shanunta a gabana. Na shiga ɗaki na zubo mata rabin abin da ya rage, ta ƙulle a bakin zane. Na ce a raina ai ƙarshen wata za mu koma asibiti.

Ƙarshen wata hanya ta rufe. Mutanen daji suka tare motoci a jere, direbobi suka ajiye aiki, ƙanena ma ya ajiye. Na zaga kyamis-kyamis na Sabon Birni da kwalin maganin a hannu, na aika har garin Isa, babu irinsa. Ƙwayoyin sun kusa ƙarewa.

Na hau babur zuwa Gangara, abin da ban taɓa yi ba, in roƙi kyautar da na bayar. Na daɗe ina gaisuwa kafin bakina ya iya faɗa. Yaya ta dube ni.

"To, yau na ga abu. Kin zo amsar kyauta?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ba don ni ba."

Ta ce ai maganin bai yi wa ɗanta komai ba, sai miyau da sanƙarar wuya, firgitar tana nan. Ta ba wata maƙwabciyarta mai ciwon kai wasu. Ta kwance bakin zanen, saura huɗu, sun yi ja da goro. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Na rarraba su biyu-biyu da wuƙa, na san likita bai ce haka ba. Ranar da ta haɗiye ɓarin ƙarshe, ɗiyata tana tankaɗe ta ɗaga kai ta dubi rumbu, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Inna, sun fara, amma can nesa. In sun matso kada ki bari Baba ya kira maƙeri. Ki ɗaure ni da zane."

Da suka matso, na yaga tsohon zanena, na ɗaura gefe ɗaya a ƙafarta, ɗayan a tawa. Maigida ya shigo ya gan mu bakin murhu.

Ya ce, "Mi ne ne haka?"

Na ce, "Malam, za ni iya riƙe ta."

"In ta ja ki cikin wuta fa?"

"Sai in ja ta baya."

Ya tsaya yana dubanmu, sannan ya fita. Maƙeri bai zo ba. Kwana goma sha tara muka yi haka kafin mota ta fara tashi. Tare muke daka, tare muke alwala, tare muke zagawa bayi, jaririn a bayana. Ban je suna ba, ban je gaisuwar mutuwa ba, ko zaure ban leƙa ba. In ta miƙe za ta amsa kiran, sai in zauna daɓas a ƙasa in riƙe turmi, in yi ta ce mata na san tana ji, ni ce dai ban ji ba.