Arba'in ɗin da Mu'azu bai kai ba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Mu'azu, kuma har yau a danginmu na Wurno ana cewa nonon Inna ne ya kashe shi. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malama ta maimaita sunana kafin in amsa. Amma wannan ƙaryar ta ishe ni.

Ina 'yar shekara goma aka haife shi. Ni ce mai zama gefen gado, shi ya sa na ga abin da manya ba su tsaya sun duba ba. In ya kama nono sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe, leɓensa da farcensa su yi kamar an shafa musu shuni.

Bayan suna Baba ya kai su Sakkwato. Likita ya ce ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ce ta zo a matse. Ya ce ba sai an tsaga ƙirji ba. Ana zura siririyar roba ta jijiyar cinya har zuciya, a hura ɗan balan-balan da ke bakinta, ƙofar ta buɗe. Sai dai asibitin da ake yin aikin yana da nisa, kuma ciwon ba ya son jira.

Goggo Hajo, yayar Baba, ta zo daga Goronyo don wankan jego. Ita ta hana tafiyar.

"Mai jego ta bar ruwan zahi ta hau mota? Gidan wa anka taɓa yin haka? A bari a yi arba'in."

Inna ta ce, "Yaya, likita hwa ya ce..."

"Likita mi? Shi ya haihe shi? Cutar ga nononki take."

Baba ya sunkuyar da kai, don Goggo ce ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Aka ɗora Inna kan jiƙo mai ɗaci, ita ma ta sunkuyar da kai ta sha. Mu'azu ya cika wata safiya, tukunyar wanka tana tafasa a tsakar gida.

Bana wata mata daga Tursa ta zo unguwarmu biki da 'yarta da aka yi wa wannan aikin. Yarinyar ta hana kajin gidan sakat da gudu. Uwar ta nuna mana tabon a cinyar yarinyar, bai kai ƙwayar wake ba. Da Mu'azu zai ga wannan tabo, ina jin abu ɗaya zai tambayi Goggo: ruwan zafi ne ya fi numfashinsa? Na san ajali na Allah ne. Amma wadda ta tare hanya tana da suna, kuma ba ta taɓa cewa a yafe mata ba.

Watan jiya Inna ta haifi mace. Goggo ta iso da ƙunshin kayanta. Inna ta tare ta a ƙofar ɗaki.

"Sannu da hanya, Yaya. Ku ci abinci ku huta. Amma wagga ɗiya, ni ka cewa a tahi ko a zauna."

Goggo ta dubi Baba. Baba ya ce, "Kin dai ji."

Mu'azu bai bar hoto ba, bai bar ko kalma ɗaya ba. Abin da ya bari shi ne uwar da ta daina sunkuyar da kai. Kafin la'asar Goggo ta shiga motar Goronyo, babu wanda ya ce ta kwana.